Kuɗin da Baba ya riƙa turawa gida na neman hana shi Medicaid, ina mafita?

Maman Ilham (Houston): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu sani don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki watan jiya. Daga asibiti aka wuce da shi gidan jinya, ana masa gashi ana koya masa tafiya. Yana da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, domin ya fi shekara ashirin yana tuƙin tasi a nan Amurka yana biyan haraji, kuma ya daɗe da zama ɗan ƙasa. Shekaranjiya ma'aikaciyar gidan ta kira ni ofis, ta ce Medicare ta kusa janye hannu, in zai ci gaba da zama sai dai mu biya ko mu nemi Medicaid. Ta ce in kawo bayanan asusunsa na banki na shekara biyar cif. Jiya na baje takardun a tsakar falo ina bi da biro. Kun san iyayenmu, Baba ba ya ajiya. Gini a Kano, kuɗin makarantar 'ya'yan ƙannensa, zakka, gudummawar biki, kwanon rufin masallacin unguwarsu. Na haɗa ya kai dala 48,000. Abin da ya rage a asusun bai fi 3,000 ba, sai ɗan gidan da suke ciki shi da Umma. Ma'aikaciyar ta ce kuɗin da ya tura zai iya jawo masa hukunci. Hukuncin me, mutum da guminsa?

Alhajin Bronx: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Amma 'yata, ni abin da ban gane ba, mahaifinki yana da 'ya'ya a raye, me ya kawo maganar zama a gidan tsofaffi? Ku ɗauko shi ku kawo gida mana.

Anti Nas: Alhaji a yi haƙuri, bari a fara amsa mata abin da ta tambaya, sai a dawo kan naku. Maman Ilham, a irin wannan gidan nake aiki, kullum sai na ga iyali sun shigo da irin fuskar da kika shiga ofishin nan da ita. Medicare da Medicaid sunansu ne kawai ya yi kama. Medicare ta magani ce. Idan an kwantar da mutum asibiti kwana uku cikakku sannan aka tura shi gidan jinya, tana biya har kwana 100, shi ma ba duka ba: kwana 20 na farko kyauta, daga na 21 majinyaci zai riƙa cika dala 209.50 kullum a lissafin 2025, sai in yana da wata inshora da ke toshe masa. Bayan nan babu. Wanka, sa kaya, kai mutum bayan gida, juya shi a kan gado, ba shi abinci, duk Medicare ba ta ɗauke su a matsayin magani ba. Wannan ɗawainiyar Medicaid ce ke biya, ita kuma ta marasa ƙarfi ce, sai an tabbatar ba ka da shi. A yawancin jihohi, har da Texas, mai nema ba zai mallaki fiye da dala 2,000 ba, in an cire gidan da yake zaune, mota ɗaya, kayan ɗaki da tanadin jana'iza. Gidan jinya kuwa ya haura dala 9,000 a wata a tsakaicin ƙasar nan, a birnin New York ya wuce 14,000.

Kafin ma a je can: ranar da suka ba ki takardar cewa Medicare za ta tsaya, akwai lambar ɗaukaka ƙara a jiki, kira nan take. Kuma kada wani ya ce miki an tsayar ne don "ba ya samun ci gaba". Tun 2013 aka warware wannan a kotu, muddin yana buƙatar kulawar ƙwararru don kada jikin ya ƙara lalacewa, rashin ci gaba kaɗai ba hujja ba ne.

Maman Ilham: Na gode Anti. To hukuncin fa?

Anti Nas: Shi ne waiwayen shekara biyar. Ranar da aka shigar da takarda, sai su koma baya wata 60 su duba duk abin da ya fita daga hannunsa ba tare da ya karɓi kwatankwacinsa ba. Su haɗa, su raba da abin da jihar ta ƙiyasta gidan jinya ke ci a wata. Misali a ce jiha ta ƙiyasta 8,000: dala 48,000 ta zama wata shida da Medicaid ba za ta biya ko sisi ba. Ba tara ba ce, ba ɗauri ba ne, zare hannu kawai za su yi. Mugun wurin shi ne lokacin da watannin ke fara ƙirguwa. Ba daga ranar da ya yi kyautar ba, sai ranar da yake kwance a gidan jinya, kuɗinsa sun ƙare, ya cika sauran sharuɗɗa. Wato daidai lokacin da ba shi da abin biya. Dokar 2005 ce ta mayar da shi haka, a da shekara uku ake waiwaya.

Ɗan Damagaram (Greensboro): Ikon Allah. Har da zakka? Ni na ji mai yi mini takardun haraji ya ce mutum na iya kyautar dala 19,000 a shekara ba wanda zai tambaye shi.

Baban Sadiq (Dallas): Ɗan Damagaram, wannan maganar ta kayar da mutane da yawa. Dala 19,000 ɗin ta hukumar haraji ce, ita ce ba ta neman ka cika mata takarda a kai. Medicaid ba ruwanta da wannan, ofis daban, doka daban. Zakka, sadaka, kuɗin Hajjin da ka biya wa wani, duk kyauta suke gani. In kanka ka biya wa kujerar Hajji, wannan kashewa ce, ba laifi. In ƙanwarka ka biya wa, ya shiga lissafi.

Maman Ilham, mun bi hanyar nan da surukina, bari in tambaye ki abu guda, don shi ne zai raba gardama. Ginin Kano, takardar filin da sunan wa take?

Maman Ilham: Da sunan Baba Ƙarami ne, ƙaninsa. Shi ke tsaye a kan aikin, shi aka yi cinikin da shi. Amma kowa a dangi ya san gidan Baba ne. Kusan 30,000 cikin kuɗin can ya tafi.

Baban Sadiq: To ga inda gizo ke saƙar. In kuka ce gidan na Baba Ƙarami ne, 30,000 ta zama kyauta, hukunci ya hau. In kuka ce na Baba ne, babu kyauta, amma ya zama yana da kadara, kuma kadara ana ƙirga ta ko a Kano take ko a Kumasi. Sai dai ke kina da abin da yawancin mutane ba su da shi: Umma tana raye kuma tana zaune a gida. Doka ta ware wa matar da ta rage a waje kaso, don kada jinyar miji ta tsiyata ta. A 2025 mafi ƙarancinsa dala 31,584, mafi yawa 157,920, gwargwadon abin da suka mallaka tare da kuma tsarin jihar. Kin ga 3,000 ɗin asusun ba abin damuwa ba ce. Ginin ma, in aka yi masa ƙima da naira aka juya zuwa dala a canjin yau, wataƙila bai kai rabin abin da aka zuba ba, mai yiwuwa ya shige cikin kason Umma. Kuma duk abin da miji ya mayar wa matarsa ba ya cikin kyautar da ake hukunci a kai. Ban ce miki tabbas ba, lauya ne zai buga lissafin, amma ni da ni ne ta nan zan fara. Ki sa Baba Ƙarami ya nemo takardar ciniki, rasitan siminti da rodi, hotunan ginin, ya samu mai ƙima ya rubuta da hatimi.

Sarkin Tasha: Ku dai kuna son wahala. Wa zai tashi daga Texas ya je Kano duba fili? Ta ce kuɗin magani ya tura wa 'yan'uwa, shi ke nan. Ko ta yi shiru da maganar ginin gaba ɗaya. Mutane nawa ke da gidaje a gida suna cin Medicaid a nan?

Anti Nas: Sarkin Tasha, ba sai sun je Kano ba. Suna da tsarin da ke tambayar bankuna kai tsaye, kuma duk turawar da aka yi ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi tana nan a rubuce da kwanan wata. Na ga ma'aikaciya ta zagaye dala 600 da jan biro ta ce a kawo bayani. Kuma wa zai sa hannu a takardar? Maman Ilham. Ita za ta rantse cewa abin da ke ciki gaskiya ne. In ya tonu, ita za a bi, a ce a dawo da abin da aka biya, ko ma abin ya wuce haka. "Kuɗin magani na tura" ma ai kyauta ce, ba ta cire komai.

Malam Na-Columbus: Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ko ba a kama ba, mun shigo ƙasar nan da alkawarin bin dokarta, cin dukiyar jama'a da rantsuwar ƙarya ba ya halatta don kawai masu dukiyar ba musulmi ba ne. Amma a bambance: bin sassaucin da dokar da kanta ta bayar, kamar kason matar nan da Baban Sadiq ya faɗa, wannan haƙƙi ne, ba dabara ba. Bawan Allah ya yi shekara ashirin yana zuba haraji.

Sarkin Tasha: Malam, masu kuɗinsu suna ɗaukar lauya tun da sauran ƙarfinsu, su zuba dukiya a asusun amana, shekara biyar ta wuce, su zo su karɓi Medicaid da gidajensu lafiya lau. Shi talaka da ya taimaki danginsa shi ne mai laifi. Wannan adalci ne?

Malam Na-Columbus: Ban ce adalci ne ba. Na ce kada ta yi ƙarya.

Baban Sadiq: Sauran 18,000 ɗin ma ba a rufe ƙofa ba. Dokar ta ce in aka nuna an yi kyautar ne don wani dalili daban, ba don a samu Medicaid ba, ana iya ɗauke hukuncin. Nauyin kawo hujja a kanku yake, kuma ba kowane ma'aikaci ke karɓa ba, amma irin na Baba yana da ƙarfi. Mutum ne da lafiyarsa ƙalau yana tuƙi, ciwo ya faɗo masa rana ɗaya. Ki nemo bayanan banki na shekara takwas ko goma, ba biyar ba, ki nuna duk watan azumi yana tura kusan adadi ɗaya, duk farkon zangon karatu haka. Ki karɓo wasiƙa daga limamin masallacinku da ke bayanin mece ce zakka, da takardar likita cewa kafin ciwon ba shi da wata larura da ke nuna zai kwanta. In sun ƙi, kuna da damar neman a saurare ku gaban mai shari'a na hukumar. Akwai kuma roƙon sassauci in hukuncin zai bar mutum ba kulawa. Hanya ta ƙarshe, in aka dawo da kuɗin hukuncin na faɗuwa, amma wa zai ce wa masallaci ya kwance kwano?

Alhajin Bronx: Na yi shiru na ji ku. Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Mu da muka taso, tsoho a ɗakinsa yake cikawa, jikoki na shiga suna fita. Yanzu a kai mutum inda ba mai yi masa alwala, ba mai juya shi gabas, mace baƙuwa ta yi masa wanka. Duk wannan lissafin na dala, ina lissafin haƙƙin iyaye?

Maman Ilham: Baba Alhaji, wallahi maganarku ta taɓa ni, kwana nake ina wannan tunanin. Amma Umma ta haura 65, ga ciwon gwiwa. Baba mutum ne mai jiki, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Ni ina aikin dare, maigidana na rana, ƙanina yana wata jihar. A gida Kano gidanmu mutum ashirin ne, a nan mu uku ne. Ranar Lahadi na tarar da shi yana ƙoƙarin yin taimama da bangon ɗaki da hannun da ke motsi, na fita waje na yi kuka na dawo. Ba son raina ba ne.

Hajiya Zongo (Bronx): Alhaji, ku yi mata uzuri. Mu a New York Allah ya rufa mana asiri da CDPAP, shirin kula da mutum a gida, shi ya sa muke ganin abin da sauƙi. Ni 'yata ce ke kula da ni, Medicaid ke biyan ta awa-awa. Ɗa ko jika ko maƙwabci duk ana iya ɗauka, amma miji ko mata ba a yarda ba. Dukiyar da aka yarda mutum ya riƙe ma a nan ta haura dala 30,000. Ba haka sauran jihohi suke ba.

Anti Nas: Gaskiya ne Hajiya. Amma Texas ma tana da nata na kula da mutum a gida, ƙarƙashin STAR+PLUS. Matsalarsa layi, sai dai wanda ya riga ya shiga gidan jinya da Medicaid yakan samu hanyar fitowa zuwa gida da ma'aikata ba tare da dogon jira ba. Shi ya sa, Alhaji, neman Medicaid ɗin nan ba yana nufin an yar da shi can ba. Ita ce ma hanyar da za a dawo da shi ɗakinsa, da gadon asibiti, da na'urar ɗaga majinyaci, da mai zuwa safe da yamma. Kuma a gidan jinya kuna da ikon neman namiji ya riƙa masa wanka in akwai, da abincin halal, a rubuta a tsarin kulawarsa. Ku kai masa dutsen taimama ku ajiye a gefen gado.

Ɗan Damagaram: Ni da nawa ne gida zan kai shi. Fanshonsa na Social Security ai yana bin ɗan ƙasa kusan duk inda ya tafi. Dala dubu da wani abu a Kano za ta ɗauki masu jinya biyu, da mai gashi yana zuwa gida, ga asibitin Malam Aminu Kano kusa, ga 'yan'uwa, ga kiran salla yana ji.

Baban Sadiq: Shawara ce mai kyau ga wanda jikinsa ya daidaita. Amma a sani, Medicare da Medicaid ba sa tsallake iyaka, duk abin da ya taso can daga aljihu ne. Wanda kuma SSI yake karɓa, wato tallafin marasa ƙarfi, ba fanshon aiki ba, yana yin kwana 30 a waje ake tsayarwa. Sannan mai shanyewar jiki da bai yi wata biyu ba, tafiyar jirgi ta kusan kwana guda, sai likita ya yarda.

Ummu Yasmin (Atlanta): Ku gafarce ni in shigo da nawa. Ni na kawo Hajiyarmu da katin zama shekara biyu da suka wuce, yanzu mantuwa ta fara kama ta. Wannan duk da kuke faɗa ya shafe ta?

Anti Nas: Naki daban ne 'yar'uwa, kuma ya fi tsauri. Dokar 1996 ta zamanin Clinton ta ce mai katin zama sai ya cika shekara biyar kafin ya samu Medicaid ta tarayya, in ba ta gaggawa ba. New York ce ke biya da kuɗin jiha, tun bayan wani hukuncin kotunsu na 2001, da wasu jihohi ƙalilan. Ga kuma takardar I-864 da kika sa wa hannu cewa za ki ɗauki nauyinta: tana kanki har sai ta zama 'yar ƙasa ko an ƙirga mata aikin shekara goma, kuma ana iya haɗa samunki da nata wajen lissafi. Medicare ma, wanda bai yi aiki a nan ba saye yake yi bayan shekara biyar, ɓangaren asibiti kaɗai dala 518 a wata a 2025. Ki ga lauyan shige da fice kafin ki cika kowace takarda, dokokin ɓangaren nan suna ta sauyawa.

Maman Ilham: Wata tambayar. Umma ta ji a wajen wata cewa in Medicaid ta biya, gwamnati za ta ƙwace gidan. Tun jiya ba ta ci abinci ba.

Baban Sadiq: Ki kwantar mata da hankali. Muddin tana raye ba mai taɓa gidan. Abin da ke akwai shi ne, tun 1993 an wajabta wa jihohi su nemi abin da suka kashe wa wanda ya kai 55 daga abin da ya bari bayan rasuwa. Ba a nema in akwai mata a raye, ko ɗa ƙasa da shekara 21, ko ɗa mai naƙasa. A Texas abin da ya bi ta kotun rabon gado kawai suke bi, shi ya sa lauyoyi ke rubuta wata takardar gida da ake kira Lady Bird, wadda gidan ke wucewa ga magada kai tsaye. Abin da ba za ku yi ba shi ne ku ruga ku mayar da gidan sunanki yanzu, wannan sabuwar kyauta ce, ku ƙara wa kanku watanni. Ɗan da ya zauna cikin gidan shekara biyu yana jinyar iyaye kafin a kwantar da su yana cikin 'yan ƙalilan da aka yarda a ba su ba hukunci.

Malam Na-Columbus: Wannan ta Lady Bird ɗin a kula da ita. In an rubuta sunan ɗa ɗaya don sauƙi, ba ta mayar da gidan nasa shi kaɗai a shari'a, sauran magada har da na Kano suna da rabonsu. A rubuta wannan a gefe da shaidu tun Baba na iya magana.

Alhajin Bronx: To, in dai ƙarshenta ɗakinsa zai dawo, ba ni da ta cewa. Allah ya yi miki albarka 'yata. Amma kada a bar shi ya yi azumi a can.

Anti Nas: Amin. Saura ɗaya, Maman Ilham: takardun da gidan jinyar ya ba ki ranar shiga, kin sa hannu a wani wuri da ke cewa ke ce mai ɗaukar nauyi? Dokar tarayya ta hana su sharɗanta wa ɗa ya lamunci bashin iyaye kafin a karɓi majinyaci, amma in kin sa hannu da kanki sai su riƙe ki da shi. Ki riƙa rubuta cewa a madadin Baba kike sawa. Masu zama Pennsylvania ma su ƙara kula, can a 2012 kotu ta ɗora wa wani ɗa kusan dala 93,000 na jinyar mahaifiyarsa da ta koma Girka, don jihar na da dokar da ke tilasta 'ya'ya. Kuma Baba ya ba ki wakilci a rubuce? In bai ba ki ba, a yi shi cikin satin nan tun hankalinsa na tare da shi, in ba haka ba sai kin je kotu kafin banki ya saurare ki.

Maman Ilham: Wakilci babu. Takardun shiga kuwa suna cikin mota, bari in sauka in ɗauko in duba. Baban Sadiq, lauyan da kuka yi aiki da shi nawa ya karɓa, kuma ya san irin harkarmu ta tura kuɗi gida? Ka turo mini ta akwati. Na kira Baba Ƙarami bai ɗaga ba, can yanzu ƙarfe uku na dare ne, sai da asuba.

Sarkin Tasha: In ya ɗaga ki fara tambayarsa ko filin yana nan.